Maɗaci, itacen kurminmu da ya dace da wuraren shaƙatawa

Duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Turawa a Kaduna, Zariya ko Kano, ko ya bi manyan titunan Yamai da Bamako, ya sha inuwar maɗaci ko da bai ɗaga kai ya duba ba. Turawan mulkin mallaka ne suka jera shi a bakin hanya, amma ba daga ƙasarsu suka zo da shi ba. A nan suka tarar da shi, cikin kurmin bakin rafi da dazuzzukan da suka miƙe daga Senegal har Sudan da arewacin Uganda. Masana tsirrai na kiransa Khaya senegalensis, kuma danginsu ɗaya da darbejiya, baƙuwar nan daga Indiya da ta cika mana garuruwa.

Idan ana maganar itacen da za a dasa a filin shaƙatawa, da wuya a sami wanda ya fi shi. Yakan kai mita 30 a ƙasa mai kyau, gindinsa ya haura mita 1 a kauri, rassansa su baje su yi rumfa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da yawancin itatuwan daji suka zama tsirara, shi yana nan da ganyensa, kuma sabon tohonsa ja-ja yake fitowa kafin ya rine ya koma kore shar. Furensa ƙanana ne, farare, ba na kwalliya ba. Adonsa yana ga siffarsa da inuwarsa. 'Ya'yansa kuwa ƙwallaye ne masu tauri, idan sun bushe sai su tsage gida huɗu, iri mai fiffike ya zubo iska ta kwashe shi. Irin ba ya jure ajiya, don haka masu rainon dashe ke shuka shi da ɗanyensa.

Wasu ƙasashen sun riga mu ganin darajarsa. Ya cika titunan Hanoi a Vietnam, ana dasa shi a Singapore, a arewacin Ostareliya ma gandu guda ake yi masa don katako. Sai dai labarin birnin Darwin da ke can arewacin Ostareliya abin lura ne. Bayan guguwar Tracy ta rushe garin a 1974, an dasa maɗaci da yawa saboda saurin girmansa. Da guguwar Marcus ta zo a watan Maris na 2018, shi ne kan gaba cikin itatuwan da suka tumɓuke, suka danne gidaje da wayoyin lantarki. Itacen da ya saba samun ban-ruwa a sama-sama ba ya wahalar da kansa tura saiwa can ƙasa. Wannan ya isa hujja cewa maɗaci na fili ne mai faɗi. Wanda ya matse shi tsakanin kwalta da kwalbati, ko ya dasa shi jikin katanga, zai sha gyaran gini.

Matsalarmu a nan gida daban ce, kuma gatari ne ke kawo ta. Ka duba gindin kowane tsohon maɗaci a bakin titi: daga ƙasa zuwa inda hannu ke kaiwa duk tabo ne, wani ya warke ya yi kumburi, wani sabo ne yana zubar da jan ruwa. Aikin masu neman sassaƙe ne, don ɓawon nan mai ɗaci an daɗe ana jiƙa shi saboda zazzaɓi da ciwon ciki. Ɗiban gefe guda ba ya kashe shi. Amma da zarar an zagaye gindin an kware ɓawon duka, hanyar da abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa ta yanke, itacen da ya shekara 80 sai ya bushe a tsaye. A daji kuma makiyaya na sare rassansa da rani su ba shanu, 'yan katako na bin manyan. Abin ya kai ga taron yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, da aka yi a Panama a 2022 ya sa maɗacin Afirka cikin itatuwan da ba a fitar da katakonsu waje sai da takardar izini.

Akwai kuma wata tsutsa, Hypsipyla robusta, da ke huda kan ƙaramin dashe ta sa ya yi rassa tun yana gajere. Ga mai gandun katako wannan asara ce, domin miƙaƙƙen gungume yake nema. Ga mai lambun shaƙatawa kuwa abin bai kai na tashin hankali ba, tunda inuwa yake so.

A ganina, hukumomin raya birane da ke kashe kuɗi kan itatuwan ado na waje, waɗanda rani ɗaya ke gamawa da su idan tankar ruwa ta daina zuwa, ya kamata su waiwayi maɗaci. A ba shi tazarar mita 10 ko fiye, nesa da gini da bututun ruwa. A kewaye shi da waya saboda awaki a shekarunsa na farko, a riƙa ba shi ruwa mai yawa jefi-jefi maimakon yayyafi kullum, a sare busassun rassa kafin iskar farkon damina. Masu sassaƙe kuma a ware musu nasu itatuwan a bayan gari, tunda hana su kawai bai taɓa yin aiki ba.