Kilo Nawa Ne Adalci? Daga Hanyar Mai'adua Zuwa Tseren Manyan Babura

Ranar kasuwar Mai'adua, duk ɗan acaɓan da ke kai-komo tsakanin can da Daura yana aiki da wani ilimi da ba a aji ya koyo shi ba. Ya san bambancin ɗauko siririn saurayi da ɗauko ƙaton mutum, domin totur ne ke fara gaya masa. Ya kuma san abin da ya fi wannan zurfi, wato fasinja mai kilo 70 da buhun gero mai kilo 70 ba ɗaya ba ne a bayan babur. Mutum idan an shiga kwana yakan kwanta tare da babur, idan an taka birki ya dafe ya gyara zama. Buhu kuwa inda aka ɗaure shi nan yake, ba ya taimako, sai dai ya rinjayi matuƙi.

Wannan ilimi na bakin tasha shi ne ya raba kan injiniyoyi da matuƙa a gasar tseren babura ta duniya da ake kira Superbike, tun daga kakar 2023.

An fara gasar a 1988, kuma abin da ya bambanta ta da MotoGP shi ne asalin baburan. Na MotoGP ana ƙera su ne don tsere kawai, ba a sayar da su. Na Superbike kuwa dole su zama 'yan gida ɗaya da waɗanda kamfani ke sayar wa jama'a, sai dai a yi musu gyara. Ducati na Italiya, BMW na Jamus, da Yamaha da Honda da Kawasaki na Japan, kowa na kawo nasa. Injinsu ya kai wajen cc 1,000, ƙarfinsu ya haura na doki 200, kuma a miƙaƙƙiyar hanya suna wuce kilomita 300 a awa. Boxer ɗin da ke jigilar mutane a Zango da Ɓaure bai kai ƙarfin doki 10 ba. Da yake kowane kamfani da irin ƙirarsa, aikin hukumar babura ta duniya, FIM, da kamfanin da ke shirya gasar, kullum shi ne su hana wani ya yi wa saura fintinkau tun daga masana'anta.

Sai ga Alvaro Bautista. Ɗan Sifen ne, an haife shi a 1984, ɗan ƙaramin mutum wanda nauyinsa bai wuce kilo 60 da wani abu ba. A kan Ducati Panigale V4 R ya ci kambu a 2022, sannan a 2023 ya sake cin sa bayan ya lashe tsere 27 cikin 36. Masu kallo sun saba da hoto ɗaya: Toprak Razgatlioglu na Turkiyya, zakaran 2021, ya sha gabansa a bakin kwana da birkin nan nasa mai ɗaga tayar baya, amma da zarar an fito miƙaƙƙiya sai jan babur ya wuce shi kamar yana tsaye. Dokar lokacin babur kaɗai take aunawa, kada ya gaza kilo 168. Wanda ke kansa ba ruwan sikeli da shi. Dogayen matuƙa irin su Scott Redding na Ingila suka yi ta kuka a fili cewa suna shiga tsere da ƙarin kaya da ba yadda za su yi su sauke, tunda jikinsu ne. Kowane kilo yana rage saurin tashi daga kwana, yana cin taya, yana shan mai. An rage wa injin Ducati iyakar juyawa a tsakiyar kakar 2023, amma bai hana Bautista cin tserensa ba.

Daga 2024 aka shigo da sabuwar doka. An ɗauki kilo 80 a matsayin ma'aunin matuƙi sanye da cikakkun kayansa, hular kwano da rigar fata da takalma da safar hannu. Duk wanda bai kai haka ba, za a ɗaura wa babur ɗinsa rabin abin da ya gaza. Wanda ya hau sikeli ya nuna kilo 68, ya gaza da 12 ke nan, sai a ƙara wa babur ɗinsa kilo 6. Abin da ya faɗo kan Bautista bai yi nisa da wannan lissafi ba, kuma ba wanda dokar ta taɓa kamarsa.

Mutumin Daura ba baƙo ba ne ga wannan magana, don garin doki ne. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar Hawan Magajiya ko lokacin Sallar Gani ya ga dawakai ɗauke da manyan mutane, da lifidi da jalala da kayan ado masu nauyi, suna takawa a hankali, domin ranar kwalliya ce. Ranar sukuwa kuwa lissafi ya juya. Mai doki ba ya hawa da kansa. Yakan nemo yaro ko siririn matashi, ya rage sirdi, ya cire duk abin da ba dole ba. Ba wanda ya karanta masa littafi, ido ne ya nuna masa cewa doki ɗaya a ƙarƙashin mahaya biyu dawakai biyu ne. Turawan Ingila sun mai da wannan sani doka tun ƙarni na 18: ana auna mahayi da sirdinsa kafin tsere, a sake auna shi bayan ya sauka, wanda bai kai ba a cika masa da dalma a ƙarƙashin sirdi.

Inda aka ƙi sa irin wannan iyaka, an ga abin da ya biyo baya. A tseren raƙuma na ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha, neman mahayi mara nauyi ya kai ga ana kawo ƙananan yara daga ƙasashe matalauta, ana hana su abinci don kada su yi jiki. Sai da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Ƙatar suka haramta hawan yara a farkon shekarun 2000, aka koma ɗora wa raƙuma ɗan mutum-mutumi da ake sarrafawa daga mota. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son a haɗa nauyin mutum da na abin hawa. Matuƙar rama tana kawo nasara, to za a samu masu horar da cikinsu da yunwa, kuma mutumin da ke gudun kilomita 300 a awa da jiri a kansa haɗari ne ga kansa da na bayansa. Shi ya sa ƙananan azuzuwan MotoGP suka daɗe da haɗa nauyin, kilo 152 a Moto3, kilo 217 a Moto2. Tseren motoci na Formula 1 shi ma a 2019 ya ce direba da kujerarsa kada su gaza kilo 80.

To amma Bautista ma yana da tasa gaskiyar, kuma ita ce ta ɗan acaɓan Mai'adua. Tseren babur ba a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai ake cin sa ba. A kwana, matuƙi yana sauko da jikinsa gefe har gwiwa da gwiwar hannu su shafi kwalta, da nauyinsa yake karya babur ɗin, da ƙarfin kafaɗa da cinya yake ɗago shi ya kwantar da shi ɗaya gefen cikin ƙiftawar ido. Dogo mai jiki yana da abin yin wannan aiki. Ƙaramin mutum kuwa kokawa yake da ƙarfen da ya ninka shi kusan sau uku. Kilo 80 na Redding nama ne mai rai, yana zuwa inda aka aike shi. Kilo 6 da aka ɗaure wa Ducati buhu ne. Bautista ya sha faɗin cewa babur ɗin ya ƙara wuyar tsayawa da wuyar juyawa, kuma idan ya kufce ya fi yin nisa kafin ya tsaya. A ƙarshen 2023, lokacin da yake gwajin babur ɗin da ƙarin nauyi a filin tsere na Jerez, ya yi mummunar faɗuwa ya ji rauni a wuya. Su kansu masu dokar da suka tsaya a rabi, ba su cika giɓin duka ba, sun amsa ke nan cewa nauyin jiki da na dalma ba tagwaye ba ne.

Sakamakon 2024 ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. Bautista ya sauko daga nasara 27 zuwa 4, ya ƙare na uku. Razgatlioglu, wanda ya koma BMW, ya ci tsere 13 a jere ya ɗauki kambu, duk da ya yi jinyar wani mugun haɗari da ya yi a Faransa.  Masu goyon bayan dokar suka ce ga shi an samu gasa. Sai dai na biyu a wannan shekarar Nicolo Bulega ne, sabon shiga, abokin aikin Bautista, a kan irin Ducati ɗin nan dai. Babur ɗin bai rage gudu ba ke nan, mutum ɗaya aka rage wa. Ga shekaru, don Bautista yana da 39 a lokacin, ga raunin wuya, ga kuma sassaucin da aka yi wa BMW na gyara wasu sassan babur ɗinsa saboda ya daɗe a baya. Wanda duk ya ce kilo 6 ne kaɗai suka juya gasar ya yi gaggawa.

A nan ne ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa, kuma filin folo na Katsina ya isa misali. A wasan da Sarki Muhammadu Dikko ya raya, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a cikinsa, kowane ɗan wasa yana da lambar gwaninta. Idan ƙungiya mai manyan lambobi ta haɗu da ƙarama, sai a ba ƙaramar ƙwallaye tun kafin a fara. Wannan rangwame ne da gangan, an yi shi don gwani da ɗan koyo su yi wasa tare kowa ya ji daɗi, kuma kowa ya san da shi kafin ya ɗaura sirdi. Gasar neman zakaran duniya ba haka take ba. Aikinta ta nuna wane ne gwani, don haka abin da ya halatta ta daidaita shi ne abin da ba gwaninta ba, kamar girman injin ko ƙirar da Allah ya yi wa mutum. Dokar nauyi a kan kanta tana cikin wannan rukuni, kuma tana da kyau. Aibinta lokacin da ta zo. Bautista da wannan jikin ya shigo gasar a 2019, ya ci tsere 11 na farko a jere, sannan ya yi ta faɗuwa har abokin hamayyarsa Jonathan Rea ya kwashe kambun. A lokacin ba a canja doka ba. Sai da ya ci sau biyu aka tuna da sikeli. Dokar da aka rubuta bayan an ga fuskar mai nasara, ko da daidai ce, da wuya ta wanke kanta daga zargi, kuma nan gaba duk wanda ya yi fice yana da dalilin waiwaye.

Masu shirya gasar da alama sun gane cewa rinjayen a wurin injin yake. A 2024 sun rage tankin mai zuwa lita 21, a 2025 kuma suka koma ƙayyade yawan man da ke kwarara cikin injin, suna rage wa kamfanin da ya fi gudu. Wannan ya fi kusa da tushen matsalar, don kamfani yake kamawa ba ƙashin mutum ba. Duk da haka dalmar ba ta sauka daga babur ɗin Bautista a 2025 ba, shekarar da Razgatlioglu ya sake cin kambu, Bulega na biye da shi.

Shi kuwa Baturken, daga 2026 ya koma MotoGP a ƙungiyar Pramac ta Yamaha. A can babur kaɗai ake ɗorawa a sikeli, kilo 157, kuma akasarin waɗanda zai tarar a layi sirara ne gajeru irin Bautista, ba wanda aka ɗaura wa ko giram ɗaya.