Dosiye a buɗe: yadda ake hana uwar garke nuna jerin fayil ga kowa

Masu yawo a intanet kan faɗa kan wani farin shafi da aka rubuta "Index of /" a samansa, ƙasa kuma jerin sunayen fayil, kowane da girmansa da ranar da aka taɓa shi. Babu wanda ya tsara wannan shafi. Uwar garke ce, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, ta baje abin da ke cikin dosiye ga duk mai wucewa.

A manhajar Apache, wadda ta fito tun 1995 kuma shafuka da yawa ke aiki da ita har yau, idan baƙo ya nemi dosiye, sai ta fara neman fayil na farko, kamar index.html ko index.php. In ba ta samu ba, kuma zaɓin Indexes na kunne, sai ta jero komai. Nan haɗarin yake: makaranta, asibiti ko ƙungiya na iya ajiye hotunan katin shaida ko jerin albashi a irin wannan dosiye, Google ma ya kwashe sunayen. A Nijar, dokar kare bayanan sirrin jama'a da hukumar HAPDP sun ɗora nauyin tsaron irin waɗannan bayanai a kan mai ajiye su.

Maganin layi ɗaya ne. A rubuta Options -Indexes cikin fayil ɗin .htaccess na babban dosiye, umarnin zai bi duk ƙananan da ke ƙarƙashinsa. Daga nan baƙo zai ga saƙon 403, alamar an hana shiga. In akwai dosiye ɗaya da ake so jama'a su gani, misali na takardun da kowa zai iya saukewa, sai a sa masa nasa .htaccess ɗauke da Options +Indexes. Sauran suna nan a rufe.

Sai dai wannan fayil ba ya aiki sai mai kula da uwar garke ya ba da izini ta umarnin AllowOverride. Manhajar Nginx kuwa ba ta karanta .htaccess sam. Can ana amfani da autoindex, wanda tun asali a kashe yake.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ɓoye jeri a matsayin kulle. Wanda ya san cikakken adireshin fayil zai sauke shi ko da an rufe jerin. Haka ma umarnin IndexIgnore, suna kawai yake cirewa daga jeri. Takarda mai sirri sai a sa mata kalmar sirri, ko a fitar da ita daga dosiyen da intanet ke kaiwa. Bayan kowane gyara, mai shafi ya buɗe adireshin dosiyen da kansa a waya ya duba abin da baƙo zai gani.