Mai Ƙirgar Kaska da Mai Sayen Masara

Ka shiga kasuwar Dandume ranar da take ci, ka tsaya kusa da mai sayen masara. Ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Ɗan ƙarfen nan mai rami yake soka wa buhun, sama da tsakiya da gindi, ya tara abin da ya zubo a tafin hannu, ya hura, ya ciji ɗaya. Shi ke nan ya san ko ta bushe, ko ƙwari sun shige ta, ko an yi algus. To, masu binciken kaska ma haka suke yi, sai dai nasu buhun daji ne da garke.

A Amurka, a garin Lyme na jihar Connecticut, yara suka riƙa kumburin gaɓoɓi a 1975. Sai a 1982 Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar cutar, a cikin wata kaska da ke bin barewar can, wadda babbarta ba ta fi ƙwayar riɗi ba. Yau masana can farin ƙyalle suke ɗaura wa sanda su ja shi bisa ciyawa. Kaska tana laɓe a bakin ganye, ƙafafun gaba a buɗe, tana jiran mai wucewa, sai ta cafke ƙyallen. In sun ɗan taɓa tafiya su juya shi, su tsince da hantsaki, su kai ɗakin gwaji a ga nawa ne ke ɗauke da cuta. Soka ƙarfe a buhu ke nan.

Mu a Damari da sauran ƙasar Sabuwa, Faskari da Kankara, kaskar shanu ce damuwarmu, don haka a jikin dabba ake ɗiba. Malamin dabbobi zai zaɓi shanu kaɗan daga garke, a kayar, ya duba cikin kunne, hantsa, maraina, ƙasan wutsiya da tsakanin kofato, ya jefa abin da ya samu a kwalba. Irin wannan aiki an daɗe ana yinsa a sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da cibiyar NAPRI ta Shika, da cibiyar Vom wadda take can tun 1924.

Me ya sa ake wannan wahala? Saboda kaska mudun aro ce. Ka san mudun da ke yawo a layin 'yan hatsi: an auna da shi a buhu mai ƙwari, ba a kakkaɓe ba, an tsoma shi a naka mai kyau. Kaskar nan mai ado a baya, wadda masana ke kira Amblyomma, buhu uku take shiga a rayuwarta. Tana ƙarama ta sha jinin wata dabba ta faɗo ƙasa, ta yi saɓa ta hau ta biyu, ta sake faɗowa, sannan ta manyanta ta hau jikin saniyarka. Abin da ta kwaso a can, nan za ta juye. Ita ke kawo ciwon da ruwa ke taruwa a jakar zuciya, ka ga tunkiya tana juyi, ta faɗi tana shure-shure. Ita ke share wa kirci hanya. Wata kaskar kuma ke sa sa ya yi fitsari ja.

Kamar yadda ɗan kasuwa ya san farashin kaka daban da na bazara, haka kaska take da lokacinta. Manyan suna fitowa ne da saukar damina, mace guda kuma kan zuba ƙwai dubbai, har ya kai 20,000. Wanda ya yi feshi a farkon damina ya sayi hatsi da kaka. Wanda ya jira sai hantsa ta ruɓe, ya tafi awo da bazara.

Akwai kuma baƙon kaya. A 2007 aka gano wata kaskar Asiya a Kwaddibuwa, wadda ake dangantawa da shanun da aka shigo da su daga Brazil, mai taurin kai ga magani, kuma tuni aka same ta a Najeriya. Kaska ba ta da fiffike, a jikin saniya take hawa mota. Don haka duk wanda ya sayo dabba a kasuwar Sheme, ya ware ta 'yan kwanaki, ya bincike ta kafin ya haɗa da garke.

Mutum ma bai tsira ba. Zazzaɓin nan mai zubar da jini na Kirimiya da Kwango ta kaska da jinin dabba yake shiga, mahauta da makiyaya ne a sahun gaba. Kada ka murƙushe kaska da yatsa. Kama ta daf da fata, ka zare a hankali, ka wanke hannu da sabulu.

Rashin tsaro ya sa shiga dazukanmu ya yi wa masu bincike wuya, amma makiyayi kullum yana tare da dabbarsa. In ka ga kaskar da ba ka saba gani ba, sa ta a kwalba, ka riƙe ranar da wurin kiwon, ka kai wa malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku. Da irin wannan ɗan ɗiba ne za a san wane magani ya kamata a kawo mana, da watan da ya dace a yi feshi.