Kafin a Jingina Tsani a Jikin Falwaya

Har yau 'yan NEPA muke ce wa ma'aikatan wuta, ko da yake tun watan Nuwamban 2013 aka fara miƙa rarraba wutar lantarki ga kamfanoni 11. KEDCO ke riƙe da Kano da Katsina da Jigawa, na Kaduna kuma ya haɗa da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Amma fargabar tana nan. Da an hango mota ɗauke da tsani ta karyo kwana, sai ka ga ana tura yara su kira maigida daga kasuwa.

Yanke wuta kuwa yana da ƙa'ida, kuma a rubuce take. Hukumar NERC, mai sa ido kan harkar lantarki, ta fitar da dokokin kare masu amfani da wuta a 2023. Dole takardar bil ta nuna ranar ƙarshe ta biya ɓaro-ɓaro, kuma a ba ka aƙalla kwana 10 daga ranar da ta iso gare ka. Ko wa'adin ya cika, sai an ƙara kwana 2 na aiki kafin a taɓa wayarka. In ka biya bashin da kuɗin sake haɗawa, cikin awa 24 ya kamata wuta ta dawo.

Akwai wani dattijo tela a layinmu da ke tara rasit ɗinsa cikin gwangwanin madara, kowace shekara da robar da ya ɗaure ta. Ranar da ma'aikata suka zo, har ɗaya ya fara hawa, dattijon bai ɗaga murya ba. Ya zazzage gwangwanin a kan teburin yanka, ya zaro na watan, ya ce: "Ɗana, sauko ka duba wannan tukuna." Yaron ya sauko, ya duba, ya ba da haƙuri. Maƙwabcinsa kuwa na goro yake bayarwa duk wata don a ƙyale shi, bashin yana ta hauhawa a littafin kamfani, ba shi da ko takarda ɗaya ta shaida.

Inda rigima ta fi tsanani shi ne gidajen da ba su da mita, waɗanda ake yi wa bil na ƙiyasi. Mutum na da ƙwai uku da fanka ɗaya, a kawo masa kuɗin da ya fi na mai firiza. Tun 2020 hukumar ta sa iyaka kan abin da za a iya ƙiyasta wa irin waɗannan gidaje. Wanda aka yi wa aringizo ya rubuta koke zuwa sashen sauraron ƙorafi na kamfanin, ya riƙe kwafi mai hatimi. In kwana 15 na aiki sun wuce ba a warware ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa ofishin sasanci na hukumar. Sai dai a nan mutane da yawa ke tuntuɓe: kai koke ba ya ɗauke maka biya. Za ka ci gaba da biyan daidai da bil na ƙarshe da ba ka yi jayayya a kansa ba, har a yanke hukunci.

Ba na goyon bayan mai satar wuta, ko ɗan'uwana ne. Wanda ya zagaye mita ya jona injin walda, doka ta yarda a yanke masa nan take ba sanarwa, kuma shi ke ƙona taransifomar da dukanmu muka dogara da ita. Duk wutar da ka sha bashi ce a wuyanka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a kashe wa unguwa guda wuta don wasu sun ƙi biya. Hukumar ta sha nanata cewa haramun ne. Mai niƙa da ta biya, da mai sayar da ƙanƙara da jarinsa ke narkewa, me suka yi? Haka nan sayen taransifoma da falwaya nauyin kamfani ne, bai kamata a riƙa bi gida-gida ana karɓar karo-karo ba.

Ɗan haya kuma, ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton mita, ka sanar da kamfani a rubuce. Bashin wanda ya tashi nasa ne, bai kamata a ɗora maka shi ba.