Kafin ka ɗora gidanku a TikTok

Yanzu ba sai ka je bakin tasha neman dillali ba, yana cikin wayarka. Daga Unguwa Uku zuwa Gyadi-Gyadi, matasa ne ke ɗaukar bidiyon gidajen iyayensu su watsa a TikTok da WhatsApp. Amma fa bidiyo mai kiɗa kaɗai ba ya sayar da gida.

Kusanci da titin Zariya da Asibitin Malam Aminu Kano yana ɗaga darajar gida a Tarauni, ba musu. To amma mai saye yana shigowa, gindin katanga zai fara duba. Da ya ga shatin ruwan damina, shi ke nan, ya samu hujjar karya farashi. Don haka a yashe kwata, a toshe yoyon rufi, sannan a shafa fenti. A kwashe tarkacen soro da na tsakar gida, a biya bashin KEDCO. Hoto kuwa da hantsi ake ɗauka, labule a ɗage, kuma kar a haɗa da matan gida.

Sai takardu. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu. In akwai takardar shaidar mallaka, a tantance ta a KANGIS, domin dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mai ita.

Kar kuma a lulluɓe tsaguwa da fenti a yi gum. A shari'a, wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da ciniki, kuma a unguwa, tsegumi ya fi bidiyo saurin yawo.