Kifin Roba da Farautar Muski

Muski babban kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, mai dogon jiki da haƙora masu kaifi. Ana samunsa a tafkunan Wisconsin da Minnesota da Ontario ta Kanada, kuma tun 1955 Wisconsin ta ɗauke shi a matsayin kifin jiha. Kama shi sai mai haƙuri, domin masunci kan wuni yana jefa fatsa ko motsi bai gani ba.

Shi ya sa sabon kifin roba, wanda ake ɗaurawa a fatsa don ya yaudari muski, ke jan hankalin masunta. Da roba mai laushi ake ƙera shi, da dalma a ciki don ya nutse, da ƙugiyoyi masu baki uku a ƙarƙashinsa. Fitacce a cikinsu shi ne Bull Dawg, wanda babbansa ya kusa rabin kilo.

Mai gwada sabo yakan fara jansa a gefen kwale-kwale, ya duba yadda jelar ke kaɗawa da saurin nutsewarsa. Sannan ya jefa nesa, ya fizga, ya dakata. Wannan dakatawar ce sirrin abin: robar na sulalewa ƙasa kamar kifi mai rauni, nan muski ke kai cafka. In ya biyo har gindin kwale-kwale bai kama ba, sai a tsoma sandar fatsar a ruwa ana zana lamba 8 da ita.

Aibin kifin robar dai haƙori na yaga shi, sai a liƙe da gam ko a narka wurin da wuta. Mafi yawan masuntan kuma, abin yabo, sukan auna kifin su mayar da shi ruwa da ransa.