Kifin Da Uba Ke Goyon Ƙwai

Jama'a, a cikin duwatsun murjani na Tekun Indiya da na Fasifik akwai wani ɗan kifi siriri kamar tsinke, wanda tsawonsa ba ya wuce santimita 7. Masana suna kiransa Doryrhamphus excisus, sunan da wani Bajamushe mai suna Kaup ya laƙaba masa a 1856. Danginsu ɗaya da dokin teku. Jikinsa ruwan lemo ne, da zane mai launin shuɗi daga kai har wutsiya.

Ba shi da haƙori. Bakinsa dogo ne kamar bututu, da shi yake zuƙo ƙananan halittun ruwa. Har manyan kifaye masu kama da maciji sukan tsaya cik ya tsince musu ƙwarin da ke damun fatarsu.

Abin mamaki shi ne haihuwarsa. Mace takan zuba ƙwanta a ƙasan cikin namiji, shi kuwa ya yi ta yawo da su har su ƙyanƙyashe.

To, amma gidansa na cikin haɗari. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjani yakan kori ƙananan tsiran da ke ciyar da shi, ya koma fari fat, wani ma ya mutu. Haka ta faru a tekunan duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, ta kuma sake dawowa a 2023. Idan murjani ya rushe, ina wannan uba zai ɓuya da goyonsa?